Kalmar Sirrin Mutumin Kebbe

Wani ne mutumin Kebbe, malamin firamare. Ya daɗe yana koyar da 'yan aji uku, har yaran da ya koya wa riƙon fensir suka tafi birni suka dawo da digiri, aka ɗauko ɗaya daga cikinsu aka ɗora masa a matsayin hedimasta. Yaron da ya sha share wa majina, yau shi ke duba agogo in mutumin ya makara. Abin ya tsaya masa a wuya. Ya nemi gurbin ƙaro karatu a jami'a, bai samu ba. Ya sake nema, shiru. Sai da furfura ta fara leƙe a gemunsa sannan sunansa ya fito.

Ranar tafiya unguwa ta yi masa rakiya har tasha. Liman ya yi addu'a aka shafa. Da ya tsaya nan da an rabu lafiya, amma daɗi ya kwashe shi, ya haye bencin mai shayi ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku shaida! In kunka sake ganina cikin garinga da zama, to da hulag ga ta masu digiri, mai igiya a gefe, na dawo. In ba ita bisa kaina, ku ce ba ni na ba!"

Aka yi ta tafi. Hedimasta ma yana wurin, ya fi kowa tafi, kuma tafin nan nasa shi ya fi ƙona wa mutumin rai.

A Tambuwal ya sauka ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, don an ce masa karatun yanzu ba a yin sa da biro kaɗai. Ya naɗe ta da zanen gado, ya ƙara da bargo, ya rungume. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ɗaga ta sama ya ce mata sannu.

Da ya isa jami'a aka ce masa akwai wani abu wai shi wayfay, intanet ne da ke yawo a iska, kuma ɗalibi ba ya biyan ko sisi. To a unguwarsu sabis ba ya shiga ɗaki, mai nemansa sai ya hau tudu. Don haka bai tambayi kowa ba. Ya buɗe kwamfuta, ya nemi abin da ya fi komai tsawo a harabar, ya kama tsanin tankin ruwa ya fara hawa. Ya kai rabi ke nan sai ga Ladan, ɗan unguwarsu, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya riga shi shiga jami'ar da shekara guda, kuma ɗakinsu ɗaya.

"Malam! Lafiya? Mi kaka nema bisa?"

"Wayfay."

"Sauko don girman Allah, kada ka ja muna abin faɗi. Nan ba hawa aka yi ba, ofis aka zuwa."

Ladan ya ja shi har ofishin kwamfuta. Suka bi layi, layi ya kawo su gaban wata ma'aikaciya mai suna Ni'imatu, mai saurin hannu da saurin baki. Ta jira ya gama kwance bargo, ta jira ya gama kwance zanen gado, sannan ta kunna.

"Malam, duba nan. Ka ga sunaye biyu? Wannan na sama mai hoton kwaɗo a gefensa shi ne na jami'a, shi za ka riƙa shiga. Wannan na ƙasa da aka rubuta kyauta, ba kwaɗo, ba namu ba ne. Kada ka kuskura ka taɓa shi."

"To, ranki shi daɗe, ga ƙofa buɗe, mi za shi kai ni ga mai kwaɗo?"

"A garinku in ka ga rumbu a bakin hanya, ba murfi, an ce kowa ya ɗiba, za ka zura hannu?"

Ya ɗan yi tunani. "Sai na fara zura sanda."

"To wannan ko sandar kada ka zura. Ɓarayi ne ke kafa irinsa. Kana shiga, duk abin da ka rubuta suna gani. Su kwashe, su je su yi ɓarna da sunanka, a zo a kama ka."

Jin an ambaci ɓarayi sai ya gyara tsayuwa. Wannan karatun ya san shi, don an taɓa kwance masa tumaki biyu daga turke, har yau in ya tuna sai ya yi tsaki. Ni'imatu ta nuna masa inda zai sa lambarsa ta ɗalibi, da inda zai duba shaidar cewa wayfay ɗin na jami'a ne na gaske kafin ya danna amincewa. Duk ya gyaɗa kai. Sai aka zo kan kalmar sirri.

"Yanzu za ka zaɓi kalmar sirri. Da ita za ka shiga wayfay, da ita kuma za ka buɗe shafinka na rajistar jarrabawa. Kada ka sa sunanka."

"To."

"Kada ka sa sunan garinku."

"Af. To."

"Kada ka sa ranar haihuwarka."

"Wagga ko ni ban san ta ba."

"Ka nemo abin da ko wuƙa aka ɗora maka a wuya ba zai fito daga bakinka ba. In ka samu, ka liƙa masa lambobi a baya."

Can sai murmushi ya fara buɗe masa fuska. Ai yana da irin wannan kalma, ajiyayya, ba a taɓa taɓa ta ba.

A wajensu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Kunya ce, da ita aka tashi. Ba ya kuma kiran sunan surukarsa, wannan ko mahaukacin kasuwa ya sani. To shi Allah ya haɗa masa biyun wuri guda, domin 'yarsa ta fari sunan surukarsa aka sa mata, wata tsohuwa da ke zaune a Sanyinna. Tun ranar suna ake kiran yarinyar Dada, sunan yanka kuwa aka rufe shi ruf. Ko a hanya ya ji an ƙwala wa wata mai irin sunan kira, sunkuyar da kai yake yi ya ƙara sauri. Ina ɓarawon da zai ciro wannan daga bakinsa?

Sai dai da ya ɗora yatsa zai rubuta, yatsan ya ƙi. Abin da baki bai faɗa ba, hannu ne zai yi rashin kunyar rubutawa? Ya saci kallon Ni'imatu, ya ga ta juya tana fama da wani ɗalibi. Ya yafito Ladan.

"Kana nan ran sunan yarinyag ga tawa?"

"Ni nir raba goro."

"Ka ji abin da maroƙi yaɗ ɗaga murya yaf faɗi?"

"Na ji mana. Ai sunan..."

"Kai! Ban ce ka faɗi ba! Rubuta shi nan."

Ya juya wa kwamfutar baya ya fuskanci bango, Ladan ya rubuta. Sannan ya juyo ya ƙara lambar babur ɗinsa da hannunsa. Nan take ta haɗu. Kwamfuta ta tambaya ko ta riƙe kalmar, don kada a riƙa sake rubutawa kullum. Ladan ya ce a danna e.

"A'a! Akwatin da nis saya shekaranjiya ga Tambuwal, ban san asalinta ba, ban san hannun wa da wa tab bi ba, ita za ta riƙe sunan su Inna? Ta riƙa kwana da shi? Danna a'a."

Ladan ya danna a'a, bai san wuyansa ya sa wa igiya ba.

Daga ranar Ladan ya zama makulli mai ƙafafu. Yana wanka, sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofar bayi, a miƙo masa kwamfuta ta sama ya rubuta da kumfa a hannu. Ya kai loma baki, sai ga ta a gabansa kusa da kwanon miya. Wata rana yana tsaye da wata ɗaliba a gindin bishiya, ya sha turare, yana ta gyara murya, maganar ta fara daɗi ke nan sai ga mutumin da kwamfuta buɗe a hannu.

"Yi haƙuri, ɗiyata, aron shi za ni yi. Yanzu-yanzu in maido miki abinki."

Ko da Ladan ya ɗago kai, yarinyar ta yi gaba. Ya dawo ɗaki yana huci.

"Malam, don Allah ka canza kalmag ga. Na gaji."

"Mi za a canza? Ka ji an yi mani sata?"

"Ni aka yi wa sata! Ba ni da lokacin kaina!"

"Haƙuri za ka yi. Tsaro dama sai da wahala."

Har alfahari yake yi a aji. In ya ji ana labarin wanda aka shiga shafinsa aka yi masa ɓarna, sai ya kaɗa kai ya ce sakaci ne. Shi tasa kalmar, in ji shi, ko shi mai ita bai isa ya shiga ba, balle baƙo.

Ana nan sai aka kafa sanarwa: ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a rufe rajistar jarrabawa. Wanda bai yi ba, ba shi ba zama, kuma sabon ɗalibin da bai zauna jarrabawar farko ba, gurbinsa ya tashi. Mutumin bai yi wasa ba, amma sashensu bai tantance masa darussan da zai rubuta ba sai ranar Alhamis ɗin da hantsi. Ya fito da gudu ya nufi ɗaki. Gadon Ladan a gyare, ba takalmi, ba jaka. Maƙwabcinsu ya ce ai tun da sassafe ya hau mota, ya tafi Dogon Daji ɗaurin auren ƙaninsa.

Ya kira waya, a kashe. Ya sake kira, matar nan ta cikin waya ta sake ce masa a kashe. Ya kira har sai da ya fara ba ta amsa.

"Na ji! Ai ba kurma ni ke ba!"

Ya zauna a bakin gado. Sai ga tashar Kebbe ta zo masa a ido, ga bencin mai shayi, ga shi yana saukowa daga mota da hular da ya tafi da ita, ga hedimasta yana tafi. Ya suri kwamfuta, ko bargon bai tsaya naɗawa ba.

Ofishin cike yake maƙil da 'yan a-bari-sai-gobe, kowa na zufa. Kafin layi ya kawo kansa uku ta gota. Ni'imatu ta gane shi.

"Malam mai bargo! Me ya faru? Ka manta kalmar?"

"Ban manta ba. Ina iya mance sunana ban mance ta ba."

"To rubuta."

"Ba ni iyawa."

"Hannunka ke ciwo? Faɗa mini a kunne in rubuta maka, in ya so ka canza daga baya."

"Wagga ta fi waccan wuya."

Da ƙyar, yana kewaye-kewaye, yana kallon ƙasa, ya warware mata zancen. Ni'imatu ta dafe kai da hannu biyu.

"Tsaya in gane. Kalmar sirrinka, kai ba ka iya rubuta ta, ba ka iya faɗin ta, wani ne ke rubuta maka?"

"Amintacce na."

"Yana ina?"

"Dogon Daji."

"Inna lillahi! Malam, ba haka na ce ka yi ba."

"To a sake mani wata."

"Mai ikon sakewa oga ne, ya tafi taro, sai Litinin. Ka daure ka rubuta. Ba wanda zai gani, ɗigo-ɗigo kawai take nunawa."

"Ɗigon ai ni na san abin da ke ƙarƙashinai."

Amma da ya kalli agogon bango sai ya ce zai gwada. Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya ɗaga yatsa. Yatsan ya sauko a hankali, har ya kusa taɓawa, sai ya fizge hannu ya waiwaya baya a firgice.

"Mene ne kuma?"

"Wallahi awa Inna tana tsaye bayana da tasbaha."

Zuwa lokacin 'yan layi sun bar nasu sun zagaye shi. Wani ustazu mai ɗangalallen wando ya kutso gaba.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Babu inda shari'a ta hana mutum faɗin sunan surukarsa. Kawo mini aya ko hadisi."

"Ni ban ce haramun na ba. Cewa niy yi ba a yi."

"Wa ya hana?"

"Kai, kana da aure?"

"Tukuna."

"To bari ka yi, sannan ka zo mu zauna."

Wuri ya ɗau dariya, ustazu ya koma baya yana gyara hula. Sai wata ɗaliba ta kawo shawara: su za su riƙa jero sunayen tsofaffi, in an zo kan na gaskiya shi dai ya gyaɗa kai.

"Gyaɗa kai ai faɗi na."

"To kada ka gyaɗa. Mu za mu duba fuskarka."

Wannan bai ce a'a ba. Aka tsayar da shi a tsakiya, aka zuba masa ido.

"Husaina!"

Bai motsa ba.

"A'isha!"

Nan take ya sunkuyar da kai har gemu ya taɓa ƙirji. Aka yi sowa. Ni'imatu ta rubuta, ya ƙara lambar babur, aka danna. Kwamfuta ta yi ja ta ce ba haka ba ne.

"Malam, ai ka sunkuyar da kai!"

"Sunan mahaifiyata na. So kuka in ji shi in tsaya ina kallonku?"

Aka sake ɗauka. Wani daga baya ya ce, "Maryam!" Kan mutumin ya sake yin ƙasa. Aka rubuta, aka danna, ta sake yin ja.

"Wannan kuma fa?"

"Goggona ta, wadda tar rene ni."

"Malam, tsofaffi nawa gare ka?"

"Allah dai shi ƙara musu lafiya."

Ni'imatu ta janye kwamfutar gabanta. "Ya isa. Saura gwaji ɗaya. In aka sake kuskure za ta rufe sai gobe, gobe kuwa ba rajista. Ba mai sake taɓa ta sai da tabbas. Malam, kira gida."

Wayar gidansa a reshen dogon yaron tsakar gida take rataye, don nan sabis yake tsayawa. Ta daɗe tana ƙara kafin matarsa Madina ta jawo turmi ta hau ta ɗauka. Ni'imatu ta sa a lasifika kowa na ji.

"Ke, ki taimake ni, na shiga uku. Ga wata ma'aikaciya nan, ki faɗa mata sunan yarinyag ga na yanka."

"Wace yarinya?"

"Babbar."

Aka jiyo kukan kaza daga can Kebbe.

"Malam, karatun na yat taɓa ka? Ɗiyata ta fari, kuma sunan uwata, ni in faɗi? Da wane bakin?"

"To kira ta ita da kanta."

Aka ji ana kiran Dada, aka ji an ɗora ta a kan turmi. Ni'imatu ta sassauta murya.

"'Yan mata, yaya sunanki?"

"Dada."

"Na gaskiya nake nufi, wanda aka yanka miki rago da shi."

"Dada."

"A makaranta da wane suna malamai ke kiranki?"

"Dada. Baba na yar rubuta ni."

Duk ofishin ya juyo ya kalle shi. Ya buɗe hannuwa.

"To da mi za ni rubuta?"

Ni'imatu ta kalli agogo. Huɗu saura kwata.

"Malam, mai sunan tana da rai?"

"Tana Sanyinna."

"Tana da waya?"

Tana da ita, kuma lambar na cikin wayarsa, amma bai taɓa danna ta ba. Tun da ya auri 'yarta, tsakaninsa da tsohuwar gaisuwa ce kawai, shi yana tsugune a bakin ƙofa, ita tana bayan labule tana amsawa a taƙaice. Yau a ce ya kira ta ya tambaye ta sunanta? Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Sai dai agogo bai san kunya ba. Ya tuɓe takalmi, ya gyara hula, ya durƙusa a tsakiyar ofis gaban waya, sannan ya yarda aka danna.

"Salamu alaikum. Wa na?"

"Inna, ni na. Barka da yini."

"Barka kadai."

"An yini lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gida? Ya jiki? Ya ƙafag ga?"

"Da sauƙi."

"Ya ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara."

"Ya su awaki?"

"Suna nan."

"To madalla, madalla." Ya buɗe baki, ya rufe. "Inna, an yini lafiya?"

Ganin ya koma farko zai sake zagayowa, Ni'imatu ta sure wayar.

"Inna, sannu da hutawa. Sunana Ni'imatu, ma'aikaciya ce a jami'ar da surukinki yake karatu. Don Allah sunanki muke so."

"Sunana? Ke ɗiyag ga, ba ki da uwa? Nan asibiti na, ko jirgin Makka za ku sa ni?"

"Ba ko ɗaya, Inna. Surukinki ne ya kulle wani abu da sunanki, yanzu ya ƙi buɗuwa."



"Ya kulle... da sunana?"

"E, Inna."

"Rubuta shi yay yi?"

"Ba shi ya rubuta ba, wani ya samu ya rubuta masa."

"Uhum. Dama ba a rubutawa da kai. Da kwaɗo anka kulle?"

"To... akwai kwaɗo, amma hoto ne kawai, Inna."

"Kwaɗo kwaɗo na, ɗiyata."

Nan mutumin ya gane inda zance ya nufa. Kowa ya san aikin da masu asiri ke yi da kwaɗo: a rubuta sunan mutum, a tofa, a datse, shi ke nan an ɗaure masa baki, ba ya iya ce maka uffan. Ya fara ɗaga wa Ni'imatu hannu yana girgiza kai, ita kuwa idonta na kan agogo, ba ta ma gan shi ba.

"Kuma shina yawo da abin?" in ji tsohuwa.

"Kullum yana hannunsa. Har bargo yake naɗa masa."

"La ilaha illallahu! Yaro shiru-shiru awa na Allah. To, in an faɗi sunan sai shi buɗe?"

"Nan take, Inna."

"Kawo kunnenki."

Mutumin ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya runtse ido, ya shiga karanta duk abin da ya zo bakinsa da ƙarfi. Don haka bai ji ba, mu ma da muke tare da shi ba mu ji ba. Amma ofishin kaf ya ji, domin tsohuwa ba raɗa ta yi ba, har maimaitawa ta yi. Ni'imatu ta rubuta, ta zungure shi da biro. Ya zare yatsa ɗaya, ya danne kunnen da kafaɗa, ya ƙara lambar babur. Aka danna.

Ta buɗe.

Ofis ya kaure da kabbara. Ni'imatu ta ajiye wayar a tebur ta hau aiki, yatsunta har ba a ganin su, ta shigar da darussansa ɗaya bayan ɗaya ta tura. Saƙon an karɓa ya fito, agogo ya buga huɗu. Mutumin ya faɗi ya yi sujada a kan siminti. Ya tashi ya rungume ustazu, ya yi musabaha da mai gadi, ya sa wa Ni'imatu albarka tun daga kanta har jikokin da ba a haifa ba. Hawaye ne a idonsa, don wallahi ya riga ya fid da rai.

Yana cikin neman takalminsa sai aka ji murya daga kan tebur. Ashe ba wanda ya kashe wayar.

"Ke ɗiyag ga! Kina nan?"

"Ina nan, Inna."

"Ya buɗe?"

"Ya buɗe, Inna. Mun gode ƙwarai."

"Buɗewa sosai? Ba sauran wani kwaɗon?"

"Babu saura."

Aka ji tsohuwa ta jawo kujera ta zauna, ta yi gyaran murya.

"Alhamdu lillahi, ni ko nij ji bakina ya yi sakayau. Miƙa mai wayag ga, akwai maganad da nika son yi mai tun ran ɗaurin aure."